Kurege da Gurbin Mota Mai Inuwa

Ga wata nan ta taso, ku gyara zama ku tarbe ta. Wanda ya ci ya ƙoshi ya ɗan matsa baya, don labarin mayunwaci ne.

An yi wani kurege, sunansa Nomau. Sunan kawai ya samu, don tun da uwarsa ta haife shi bai san ta ina ake riƙe fartanya ba. Gonar kowa gonarsa ce, rumbunsa kuwa duk wanda mai shi ya juya baya. Ga shi ɗan tsurut, in ka cire jelar nan tasa mai kama da tsintsiya ba abin da zai rage, amma cikinsa bai taɓa cewa ya isa ba. Yana zaune da matarsa Dudu a wani rukunin gidaje da namun daji suka haɗa kai suka gina, bayan sun gaji da kwanan kogo da dukan ruwan sama. Ƙungiya suka yi, kowa ya kawo ƙarfinsa. Giwa ta kwaɓa ƙasa, ɓauna ya yi dakon tubali. Nomau ya zo ranar buɗewa, ya fi kowa tafi, ya kuma shige ramin da ke ƙarƙashin matakala tun kafin a tuna a tambaye shi me ya kawo.

Shugabar ƙungiyar ita ce giwar, Hajiya Kubura. Tana da wani irin gyaɗa mai bargo da ta gada wajen kakarta, babu mai irinta a duk dajin, ta ajiye buhu guda don shukar damina. Wata rana da hantsi ta shanya ta a tsakar gida ta tafi rafi wanka. Wankan giwa kuwa ba na gaggawa ba ne. Kafin ta dawo Nomau ya kwashe gyaɗar nan tas, kumatu bayan kumatu, ya kai gindin wata tsamiya da ke tsakiyar filin gaban gidajen. Ya haƙa rami a cikin inuwarta, ya binne, ya daddale ƙasa, ya share sawunsa da jela. Ku riƙe mini hantsin nan a hannu, zan karɓa can gaba.

Ya koma gida yana taku ɗai-ɗai, ya tsaya a bakin rami ya ce, "Ni ne Nomau mijin Dudu, mai girbi babu shuka, mai rumbu babu jinka. Giwa ta shanya, ni na kwashe."

Dudu ta tambaye shi wace alama ya sa wa wurin. Ya ce alama ta masu mantuwa ce, shi a inuwar tsamiya ya binne, tsamiya kuwa ba ta zuwa unguwa. Dudu ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya ce ta rufe kada iska ta shiga.

Hajiya Kubura ta dawo ta tarar da tabarma wayam. Ta yi kukan da ya zubar da 'ya'yan kanya, ta yi rantsuwa a gaban kowa cewa duk wanda aka kama da ko ƙwara ɗaya, a kansa za ta zauna. Nomau ya fi kowa jajantawa, har da share hawaye. Ya ƙudurta a ransa ba zai kusanci tsamiyar ba sai maganar ta lafa.

To, a shekarar ne mota ta shigo daji. Ɓauna, wanda ake kira Alhaji Jatau duk da baƙinsa, ya sayo tifa. Hajiya Kubura ta sayo babbar mota ta ɗaukar kaya, don ita kaɗai ce ta ɗauke ta. Raƙumin dawa ya sayo tasa aka yanke mata rufi. Kowa kuma sai ya ajiye inda ya ga dama. Tifar Alhaji Jatau ta toshe ƙofar gafiya har baiwar Allah ta rasa bikin ƙanwarta tana ciki tana ƙwanƙwasa. Kullum faɗa, kullum cacar baki, sai da Hajiya Kubura ta kira taro aka kafa doka.

Dokar ta ce filin gaban gidaje na ƙungiya ne, ba a sayarwa, ba a gado, ba a haƙa shi ko da farce. Za a tsaga shi gurbi-gurbi da farar ƙasa, gida ɗaya gurbi ɗaya, kuma sai mai motar da aka shaida tana tafiya. Ƙuri'a ce za ta raba, don kada babba ya danne ƙarami. In biyu sun yarda su yi musaya a gaban kwamiti, an amince, amma babu warwarewa sai shekara ta zagayo. Ba kuma wanda zai taɓa motar wani ko ya ɗaga mata tampol. Marar mota ba shi da abin yi a filin, ko ratsawa ce. Aka kuma ɗauki Kura gadi, aka ba ta kulki.

Nomau na jin haka ya gane doka ta raba shi da gyaɗarsa. Rani ya yi nisa, gida babu komai, Dudu ta rame har tana ɗaure zane da ƙulli biyu. Abincinsu na shekara yana can ƙarƙashin tsamiya, Kura na zaune a kai tana hamma. Dudu ta tuna masa cewa in ruwan farko ya sauka gyaɗa ba ta tambayar kowa, tsirowa za ta yi, daga nan sun yi asara.

"Mota suke so?" in ji Nomau. "Za su ga mota."

Da gari ya waye ya nufi busasshen rafi, inda ya san wani tsohon kunkuru ya shige yashi yana barcin rani. Irin kunkurun nan ne babba, wanda in ya kwanta da kaka ba ya tashi sai ya ji ruwa a bayansa. Nomau ya tone shi, ya shafe ƙoƙon bayansa da jan fenti, ya manna masa murfin gwangwani biyu a gaba a matsayin fitilu, ya rataya masa lamba a baya, ya lulluɓe shi da tampol. Tsoho bai ko motsa ba, sai minshari yake a hankali. Sannan Nomau ya ruga wajen Kura yana haki.

Ya ce mata sabuwar motarsa ce ta iso daga bakin teku, mai ya ƙare mata a rafi, ga shi babu mai ƙarfin turawa a duk rukunin in ba Gwaggo Kura ba. Ya ce Alhaji Jatau ma ya gwada ya kasa. Kura ta ji an fifita ta a kan ɓauna, ta jefar da kulki ta bi shi. Ta sa kafaɗa ta fara turi, Nomau ya haye saman tampol ya riƙe wani murfin tukunya yana juyawa dama da hagu.

Can Kura ta tsaya ta shinshina. "Kai Nomau, motar nan taka warin nama take yi."

"Kujerun fata ne, Gwaggo. Fatar ƙasar waje."

"To wannan gurnanin fa? Ka ce babu mai."

"Inji ne. Irinsu ko babu mai ba sa mutuwa, numfashi suke yi. Ke dai tura."

Kura ta tura, ta tura, har gumi ya wanke mata ido, suka iso fili da tsakar rana. Da kwamiti ya nemi shaidar cewa motar na tafiya, Kura ce ta miƙe ta rantse cewa da idonta ta ga motar ta taho tun daga rafi, ba ta tsaya ko'ina ba. Hajiya Kubura ta kara kunnenta a jikin tampol ta ji gurnani, ta gyaɗa kai. Aka sa Nomau cikin masu mota.

Ya koma gida ya ce wa Dudu, "Ni ne Nomau, direban da bai taɓa sayen mai ba. Kunkuru motata, Kura injina, kuma injin ne ya yi mini shaida."

Da la'asar aka yi ƙuri'a. Aka zuba sakaina a tukunya, kowace da alamar gurbinta, kowa ya zura hannu ya zaro. Gurbi biyu ne suka sa tsamiya a tsakiya, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma. Nomau ya tsaya yana duba su. Na gabas ya sha inuwa luf, na yamma kuwa rana na dukansa har ƙasa na walƙiya. Ya ce a ransa, ga rumbuna can a na gabas. Ya zura hannu yana addu'o'in da bai iya ba, ya zaro, sai ga na yamma. Alhaji Jatau ya zaro na gabas, ya yi ta murna yana cewa tifarsa ta huta da rana.

Nomau ya ji kamar ya haɗiye sakainar don baƙin ciki. Kura ta sake tura masa motarsa zuwa gurbin yamma, ya bi ta a baya jela na jan ƙasa. A gida Dudu ta ce, "Maigida, na ce da wane lokaci ka yi binnewar nan?" Ya ce ita kullum sai tambayar da ba ta cika ciki, ta bar shi ya yi tunani.

Da gari ya waye Alhaji Jatau na zaune a zaurensa yana karin kumallo, sai ga wani ɗan bakanike ya yi sallama. Baƙi ƙirin da shi don baƙin mai, ya cusa jelarsa cikin wando, ga sifana rataye a wuya ta fi shi tsawo. Ya ce daga birni yake, yana zagaya yana duba manyan motoci, ya kuma ga wata tifa a waje da ta ba shi tausayi. Ya tambaya ko ta kwana kusa da tsamiya.

Alhaji Jatau ya ajiye ludayi. Duk duniya ba abin da yake so kamar tifar nan, da ita yake hira in ba kowa. Ya ce e, jiya ƙuri'a ta ba shi gurbin.

Bakanike ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, in ka sha tsamiya da yawa, me take yi maka?"

Alhaji Jatau ya waiga ya ga ba kowa, ya rage murya ya ce tana ɓata masa ciki.

"To kai da kake da ciki huɗu ke nan. Ita tifa ɗaya gare ta. Inuwar tsamiya tsami gare ta, tana ratsa ƙarfe ta shiga inji. Motarka ta fara zawo, Alhaji. Aika a duba ƙarƙashinta."

Aka aika, aka dawo aka ce lallai ga wani ruwa mai kauri malale a ƙarƙashin tifa. Kunun tsamiya ne, Nomau ya roƙo wajen maƙwabta ya tuttular tun da asuba, da sunan ya zo duba tasa motar, ransa na ƙuna don ko kurɓa bai yi ba. Alhaji Jatau ya sa aka ɗebo masa, ya ɗanɗana, ya ji tsami, idonsa ya kawo ruwa. Ya tambayi magani. Bakanike ya ce magani ɗaya ne, a mai da ita rana ta gasu, in za a samu wani wawan da zai yarda ya karɓi inuwar. Alhaji ya sallame shi da ƙwaryar fura, ya shanye ta a bayan katanga ko numfashi bai yi ba.

Bayan azahar Nomau ya wanke jikinsa ya zo wucewa ta ƙofar zauren yana fito. Alhaji Jatau ya kira shi da fara'a, ya ce ya daɗe yana tausayin ƙaramar motarsa a rana, ya zo su yi musaya. Nomau ya ce a'a, shi ya yarda da abin da ƙuri'a ta ba shi. Alhaji ya roƙa, ya ƙi. Ya ƙara da damin rake, ya ce zai yi shawara. Sai da aka ɗora ƙunshin ƙuli-ƙuli a kai sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce don girman Alhaji kawai. Da la'asar suka tsaya gaban kwamiti. Hajiya Kubura ta tambaye su ko sun san babu warwarewa sai baɗi, kowannensu ya yi saurin cewa ya sani, yana dariyar ɗan'uwansa a ciki.

Ran nan Dudu ta ci ta ƙoshi, karo na farko tun shigowar rani. Nomau ya kishingiɗa yana tsotsar rake ya ce, "Ni ne Nomau, na ba ɓauna rana, ya ba ni inuwa, ya haɗa mini da godiya." Dudu ta ce tana da magana a kan inuwar nan. Ya ce ta ajiye sai ya kawo gyaɗa su ci suna yi.

Da gari ya waye, tun rana ba ta fito ba, ya shige ƙarƙashin tampol ya fara haƙa. Ya haƙa har kansa ya ɓace, babu gyaɗa. Ya ce ƙila ta nutse. Ya ƙara zurfi, ya samu tsohon takalmi. Ya yi dama, ya samu saiwar tsamiya. Ya yi hagu, ya samu gidan tururuwa, suka yi masa maraba yadda suka saba. Kullum haka, ya shiga da duhun asuba, ya fito da yamma ya tarar da inuwa shimfiɗe a gurbinsa, ya ce ai ga ta nan, wuri bai ɓata ba. Rake ya ƙare, ƙuli-ƙuli ya ƙare, yunwa ta dawo da kayanta. Yana haƙa yana kira a hankali, gyaɗar Hajiya, ina kika shiga, gyaɗar Hajiya, fito mu gana. A samansa tsoho na ta minshari.

Ƙasar da yake fitarwa kuwa ta taru a bayan mota har ta yi tudu. Kura ta gani ta kai ƙara, ta ce ana haƙa a filin ƙungiya. Aka sa ranar zama.

Da gari ya waye kwamiti ya taru a zauren Hajiya Kubura. Nomau bai zo ba, sai wani lauya ya shigo a madadinsa, ɗan gajere, ya ɗora curin auduga a ka, ya yafa buhun gawayi, ya maƙala tabarau marar gilashi. Ya yi gyaran murya ya tambaya wa ya ga rami. Ba wanda ya gani. Ya tambayi Kura ko ta ɗaga tampol, ta yi sauri ta ce Allah ya kiyaye, doka ta hana. Sai lauya ya juya ya dubi kwamiti da tausayi.

"Ranki ya daɗe, motocinku hayaƙi suke fitarwa ta salansa, yana tashi sama ya shiga idon jama'a. Motar wanda nake karewa ta zamani ce, nata hayaƙin ƙasa ne, yana zuba a baya ya zauna lafiya. A birni ko yaro ya san wannan. Ban zaci zan zo inda sai an yi bayani ba."

Ba wanda yake so a ce shi ne baƙauye. Alhaji Jatau ya yi tari ya ce shi kam ya taɓa ganin irinta a birni, har biyu. Raƙumin dawa ya ce ai ƙanin matarsa ma irinta gare shi. Aka kori ƙara, aka kuma umarci Kura ta riƙa kwashe hayaƙin kullum da kwando. Lauya ya karɓi goron zama ya fita, audugarsa na zubewa a hanya.

Daga nan Nomau ya saki jiki. Ya haƙe ƙarƙashin gurbinsa kaf, ya zarce na raƙumin dawa, ya ratsa na Hajiya Kubura, ya zagaye filin nan ta ƙasa kamar gidan gara. Wuri ɗaya kawai ya bari, gurbin yamma, don me zai nema a rana? Kura na ta jigilar kwando tana tsine wa motocin zamani.

Sai hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi ruwan farko, aka ƙara, aka kuma ƙarawa. Nomau ya ci gaba da haƙa cikin taɓo kamar mahaukaci. Ruwa ya ratsa tampol ya sauka a bayan tsoho. Amma kunkuru ko farkawa ba ya yi da gaggawa. Ya buɗe ido ɗaya ya kwana, ya buɗe ɗayan ya sake kwana, ya yi kwanaki yana shawarar miƙa ƙafa.

Da gari ya waye, rana ta fito tas bayan ruwa, jama'a suka fito da hantsi kowa na goge motarsa. Alhaji Jatau ya ja tifarsa baya don ya wanke ta. Sai ga inda ta tashi, a gurbin yamma, wani kore shar ya cunkushe wuri ɗaya, ganye a kan ganye. To, ku miƙo mini hantsin nan da na ba ku ajiya. Da hantsi rana tana gabas, inuwar tsamiya kuwa ta yamma take kwanciya. Tana nan kwance a kan koren, daidai inda Nomau ya bar ta.

Nomau ya leƙo daga ƙarƙashin tampol, taɓo har kunne. Ya ga inuwa, ya ga ganye, ya dubi gurbinsa ya ga rana ƙwal. Bakinsa ya buɗe ya kasa rufuwa. Bai gama wannan ba ya ji tampol ya zame daga kansa. Motarsa ce ta miƙe a kan ƙafa huɗu, ta zuro dogon wuya tsakanin fitilu, ta shinshina iska, ta kama hanyar gurbin yamma, lamba na reto a bayanta.

Kowa ya tsaya da tsumma a hannu. Nomau ya yi tsalle ya haye bayanta ya ɗaga hannu. "Kada kowa ya tsorata. Mai tuƙa kanta ce. Na faɗa muku ta zamani ce."

Raƙumin dawa ya fara gyaɗa kai, Alhaji Jatau ya buɗe baki zai ce ya taɓa ganin irinta. Sai mota ta tsaya, ta ɗaga kai ta ce, "Salamu alaikum, jama'a. Wa ya shafa mini fenti?"

"Rediyo ne," in ji Nomau.

Rediyo ya ƙarasa gurbin yamma ya sa baki a ganye ya fara ci. Yana tauna yana ba da labari a natse, irin na tsofaffi. Ya ce shi dai a rafi ya kwanta, bai san yadda ya zo nan ba. Ya ce barcin bana bai yi daɗi ba, don akwai wani ɗan ƙaramin murya a ƙarƙashinsa da ya hana shi sakat, kullum gyaɗar Hajiya ina kika shiga, gyaɗar Hajiya fito mu gana. Ya juyo da wuya ya dubi wanda ke bayansa ya ce, "Yauwa, ga muryar nan. Yaro, ka same ta kuwa?"

Hajiya Kubura ta matso. Ta sa hanci ta tumɓuke tsiro ɗaya, ta karkaɗe ƙasa, ga ɓawo a jikin saiwa, ga sauran fatar nan mai bargo ta gidan kakarta. Ta ajiye shi a hankali. Kura ta dubi kwandon da ke hannunta, ta dubi ramin da tampol ya buɗe. Alhaji Jatau ya tuna kunun da ya lasa. Kunkuru dai ya ci gaba da taunarsa.

Nomau ya ce yana neman izinin kiran lauyansa. Kura ta ce ya bari ta raka shi, ta kai masa cafka. Ya diro ya ruga ya faɗa raminsa, ta kama jela, ya fizge ya bar mata gashi cike da baki. Ya bi hanyoyinsa na ƙasa a guje, Hajiya Kubura ta bi shi ta sama tana taka duk inda ta ji motsi, don ta cika rantsuwa. Ƙasar da aka rarake ta sha ruwa, ina za ta ɗauki giwa? Fili ya rufta. Motar Hajiya ta nutse har gilashi, ta raƙumin dawa ta bi ta, Hajiya da kanta ta zauna daɓas a cikin taɓo. Zaman ya matse iskar ramin, ta harbo Nomau ta wata kafa kamar toshiyar kwalba. Alhaji Jatau na tsaye a wurin, ya tare shi da ƙaho ya ƙara masa tafiya. Ya tashi sama, ya bi ta cikin tsamiya ta tsefe shi, ya faɗo bayan katanga a kan ƙaya.

Dudu na tsaye a can da ƙunshin kayansu a ka, tun jiya ta ɗaure. Ta dube shi, ido ɗaya a kumbure, jela kamar tsohuwar igiya.

"Maigida, gurbin da ƙuri'a ta ba ka ke nan tun farko. Da ka zauna inda aka ajiye ka, da yanzu muna soya gyaɗa."

Nomau ya tashi yana ɗingishi, ya zare ƙaya daga cinya. Ya waiga ya hango Hajiya Kubura ta fito daga taɓo tana kewaye gurbin yamma da ƙaya da hancinta, tana korar kunkuru, tana cewa kwamiti ya rubuta wannan gurbi ya zama gona. Ta samu shukarta ba ta sunkuya ba. Shi kuwa mai girbi babu shuka, sau ɗaya ya taɓa shuka a rayuwarsa, ga shi wata za ta girbe. Abin ya yi masa ciwo fiye da ƙahon, har ya ji hawaye na neman zubowa. Ya haɗiye su, ya gyara tsayuwa.

"Ni ne Nomau mijin Dudu, wanda ya tuƙa kunkuru, ya sa kura dako, ya binne motar giwa. Ban yi kuskure ba. Tsamiya ce ta ci amana, na ba ta ajiya a inuwa ta ɗauke inuwar ta kai wani wuri. Kuma gonar can tawa ce, ni na shuka. In kaka ta yi zan dawo da lauya."

Sai suka ji Kura ta hauro katanga. Nomau ya riga Dudu kaiwa daji, yana gudu da ƙafa uku yana tambayarta ko ta san wani rukunin gidaje da ba su da bishiya.

Nan tatsuniyar ta tsaya, ta kashe inji, ƙurunƙus kan ɗan kurege. Wanda bai yarda ba ya je rafi ya duba bayan tsohon kunkuru, har yau da sauran jan fenti.